Baba da Motar da ke Tuƙa Kanta

Babana direba ne. Shekara goma sha tara yana tuƙa wani Alhaji mai sayar da shadda da yadi a babbar kasuwa, wanda gidansa yake Ƙofar Atiku. Ni shekarata goma sha shida, wato Baba ya riƙe makullin motar Alhaji tun kafin a san za a yi ni. Mu muna zaune a unguwar Gidan Igwai. Kullum bayan sallar asuba Baba yakan sa kaftani, ya cusa wani ƙyalle ruwan ɗorawa na goge gilashi a aljihun dama, makulli a aljihun hagu, ya fita bakin titi ya tari kabu-kabu, wato babur ɗin haya. Makullin yana rataye ne a wata 'yar jar fata da wani baduku ya ɗinka masa tun farkon aikinsa. An canja mota sau huɗu, fatar nan ba a canja ta ba.

Ni kuma ina da hali guda da kowa ya sani a gidanmu: ba na iya ba da labari yadda na gan shi. In Inna ta aike ni sayen tumatir na ga awaki biyu suna karo, kafin in iso gida sun zama garke biyu, an kira sojoji. Ba ƙarya nake nufi ba. Kawai dai in na ga mutane sun fara dariya, sai in ji kamar rowa ce in tsaya a nan.

A bara Alhaji ya dawo daga Caina, inda yake zuwa sarin kaya. Ranar rabon tsaraba Baba ya tafi da ni, don Alhaji ya san ni tun ina cikin zanen goyo, kuma yana son surutuna. Mai labari yake ce mini. Muna zaune a kan darduma ya ciro wayarsa ya ce mu matso mu ga abin mamaki.

Hoto ne mai motsi da ya ɗauka da kansa. Ga shi zaune a bayan wata motar haya, ga titi cike da motoci, ga sitiyari yana juyawa hagu da dama, kujerar direba kuma ba kowa. Ko hula babu.

"Kun gani?" in ji Alhaji. "Ba aljani ba ne. Kamfunnan motoci na can ne ke tsere da junansu. Kamar mu ne a layin 'yan shadda. Wanga shi ce motata tana faka kanta. Na kusa da shi shi ce tawa tana faka kanta, tana kuma bin hanya. Na ukku shi ce duk na ji, ni kyauta nike sa wanga abu ko a ƙaramar mota. Kowa na son shi ture ɗan'uwansa. Mu masu saye mu anka yi wa gata."

Sannan ya ce ya sayi guda. Ba irin ta hayar nan ba, amma 'yar'uwarta ce: ba ta shan mai, caji ake yi mata, tana da idanu ta kowane gefe, tana taka birki da kanta. Tana cikin jirgin ruwa.

Baba ya ce, "Allah shi sa albarka." Ya ciro ƙyallensa, ya ninke shi huɗu, ya mayar aljihu.

Bayan wata biyu mota ta iso a bayan tirela. Fara ce, doguwa, mai layin kujeru uku. Alhaji ya sa aka shimfiɗa farantan sola a rufin gareji don cajinta, saboda wutarmu ba abin dogara ba ce. Ba ta da ƙara ko kaɗan. In ta taho bayan akuya, akuyar ba ta sanin an zo sai an yi mata hon. Abin da ya fi damun Baba shi ne ba ta da makulli. Wani kati ne kamar na cirar kuɗi, ba rami, ba inda za a rataya jar fata.

Wanda ya san kan allon motar shi ne babban ɗan Alhaji, wanda nake kira Yaya. Ya yi karatun kwamfuta, kuma tun da motar ta zo ya koma zama a kujerar gaba. Duk inda za a je sai ka ji shi: "Baba, sake mata sitiyari. Baba, huta, ta iya." Da girmamawa yake faɗa, amma sau ashirin a rana.

Gaskiyar abin da motar take yi bai wuce uku ba. Tana bin titi da kanta in akwai farin layi a ƙasa. Tana tsayawa in abu ya gitta. Tana kuma shiga wurin fakin ita kaɗai, ko ba kowa a ciki, in an danna mata a waya. Na ukun nan na gani da idona a garejin Alhaji, sau ɗaya.

Sau ɗayan nan na ɗauka na kai gidan kitso ranar wata Lahadi.

Mata sun kai takwas a tsakar gidan, kowa na jiran layi. Na ce motar Alhajin Babana tana faka kanta. Wata ta ce, "To." Wata ta ci gaba da tsifar kai. Raina ya ɓaci. Sai na ce ai ba nan ta tsaya ba, ita ke kai yara Islamiyya ta dawo. Nan aka ɗago kai. Na ce in an kira sallah tsayawa take yi cak, ko a tsakiyar shataletale ne. Na ce ran nan wani ɗan kabu-kabu ya sha gabanta, ta zage shi da yaren Caina tun daga kansa har kakanninsa, ya tsaya ya ba ta haƙuri. Mai kitso ta yi dariya har ta saki gashin da take riƙe da shi.

Sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta ce, "To, ɗiyata, shi babanki mi za ya yi ke nan?"

Da na yi shiru a nan, da shi ke nan. Amma ana cikin dariya ne. Na ce, "Baba? Ai shi ma baya yake zama yanzu, mota ke tuƙa shi. Ran da ta gaji da nauyinsa za ta kawo shi Gidan Igwai ta buɗe ƙofa ta ce sauka, an gode."

Aka yi shewa. Aka yi mini kitso mai kyau. Na dawo gida ina jin kaina sarauniya.

Kwana uku ya ɗauki labarin ya zaga unguwa ya dawo. A hanya ya zubar da yaran Islamiyya, ya zubar da zagin ɗan kabu-kabu, ya zubar da dariyar gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne: Alhaji ya sayo mota mai tuƙa kanta, zai sallami direbansa ƙarshen wata. Matan sun faɗa wa mazajensu, mazan sun kai majalisa. Ranar Laraba bayan la'asar mutum uku suka tare Baba a ƙofar masallaci suna yi masa jaje. Wani ya ce Allah ya musanya da mafi alheri. Wani ya ce ƙaninsa yana da keke mai ƙafa uku da ba direba, in Baba yana so.

Ranar Alhamis da rana Baba ya dawo cin abinci. Ina wanke kwanoni a bakin rijiya, na ji yana magana da Inna a rumfa.

"Ba ni jira a kira ni a ce an gode," in ji shi. "Shekara sha tara ban taɓa goga motar mutum ba, ba za a ce yau na'ura ta kore ni ba. Jibi za mu Wamakko. In mun dawo in ba shi katinsa da hannuna, mu rabu da mutunci."

Inna ta ce, "Shi Alhajin ya ce maka wani abu?"

"Ba ya cewa. Kunya gare shi. Amma magana ba ta fitowa haka kawai, daga gidan ta fito."

Kwano ya kuɓuce mini ya faɗa cikin bokiti. Inna ta juyo ta dube ni, irin duban da ke sa mutum ya tuna duk laifin da ya yi tun yaye. Da Baba ya shiga ɗaki ta zo ta tsaya a kaina. Ban jira tambaya ba, na faɗa mata komai.

"Tashi ki hwaɗa mashi," in ji ta.

Na same shi yana ɗaura agogo. Na durƙusa na ce, "Baba, maganar nan ni na fara ta. A gidan kitso. Wasa nake yi."

Ya dube ni ya ɗan yi murmushi. "Ke kika sayo motar?"

"A'a."

"Ke ke ce mani in sake sitiyari?"

"A'a, Baba."

"To, tashi. Maganar gidan kitso ba ta kai ƙofar masallaci." Ya sa hularsa ya fita.

Wannan ne karo na farko a rayuwata da na faɗi gaskiya tsirararta, kuma ba a yarda da ni ba.

Tafiyar Wamakko ta walima ce. Jikan malamin da ya karantar da Alhaji ne ya sauke Alƙur'ani. Kakata ta wajen uwa ma a Wamakko take, sai Inna ta ƙulla daddawa da kuka a leda ta ce Baba ya roƙi Alhaji a tafi da ni in kai mata. Tana miƙo mini ledar ta ce a hankali, "Ba don daddawa nike aiken ki ba. Kin dai sani."

Ranar Asabar wajen tsakar rana muka tashi. Baba a sitiyari, Yaya a gefensa, Alhaji a tsakiya, ni a layin ƙarshe tare da katan-katan na lemo da turamen shadda na kyauta. Zafi ake yi irin wanda ke sa kwalta ta yi laushi, amma cikin motar kamar randa.

Da muka fita gari muka samu inda farin layi yake a fili, Yaya ya danna allo. "Baba, sake mata."

Baba ya saki. Bai ɗora hannun a cinya ba, ya bar su a iska kusa da sitiyari, kamar mai jiran a miƙo masa jariri. Motar ta bi lanƙwasa lafiya lau. Da muka zo inda layin ya goge sai ta fara kuka ƙit-ƙit-ƙit, Baba ya karɓa. Ni a baya na ji daɗi, na ce a raina ga ta nan, ta gaza. Ba a yi nisa ba wani rago ya tsinke igiya ya faɗo titi daga bayan amalanke. Motar ta ja birki da kanta, katan ɗin lemo ya bugi gwiwata. Ragon ya wuce.

Yaya ya yi tafi. Alhaji ya ce, "Mutumina, kai ko ita?"

Baba ba ya ƙarya ko a kan kansa. "Ita ce," in ji shi. "Ta riga ni."

Daga nan har Wamakko Yaya ya yi ta bayanin wani sabon kamfani da ya ce tasa motar ta fi wannan gani.

Mun isa ana saura kaɗan azahar. Ƙofar gidan Malam cike take. Dattawa a kan tabarmi ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, almajirai na kai da kawo da faranti, babura jere a jikin katanga. Baba ya tsaya a bakin hanya don Alhaji ya sauka. Nan take mutane suka kewaye shi da gaisuwa, rabi kuma suka kewaye motar, don labarinta ya riga mu zuwa. Wani ma ya tambaya ko ita ce mai zagi.

Alhaji ya ce wa Baba ya shigar da lemo da shadda cikin zaure. Sannan ya juya ya ce wa Yaya, "Nuna masu yadda take fakin," ya koma ga masu gaisuwa.

A gefen zauren Malam akwai wani fili. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san irinsa ko daga nesa. An zuba yashi mai laushi, an share shi tas, an kewaye gefe uku da jan bulo da aka binne daidai da ƙasa, an bar gefen yamma a buɗe inda ake cire takalma. Saboda walima an shafe bulon da farar ƙasa, yana ta ƙyalli. Ba a shimfiɗa tabarmi ba tukuna, don an yayyafa ruwa ana jira ƙasa ta huce. Ga butoci jere a bakinsa.

Yaya bai ɗaga kai ya ga butoci ba. Wayarsa yake kallo. A wayar motar ta zana masa wani akwati mai fararen layi uku, ba kowa a ciki, ta ce ga wuri. "Kun gani?" in ji shi. "Ita da kanta ta samo." Ya danna.

Motar ta motsa ba kowa a ciki. Jama'a suka yi salati suka bi ta, kowa na leƙen sitiyarin da ke juyawa. Ba wanda ya kalli inda ta nufa. Ni na kalla. Na ga butoci, na ga inda hancinta ya dosa, kuma zan faɗi gaskiya: maimakon in yi ihu, sai na ji kaina ya fara shirya yadda zan ba da labarin. Kafin in dawo hayyacina ta shige ta ɓangaren takalma, ta daidaita kanta tsakanin layi biyu, tazarar hagu daidai da ta dama, ta tsaya hancinta yana kallon gabas a daidai inda liman ke tsayawa. Ta yi 'yar ƙara mai daɗi, ta naɗe madubanta.

Wani tsoho da ke alwala ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ruwa na zuba daga buta. Yaya ya ɗago kai, ya ga abin da ya yi, wayar ta kusa faɗuwa. Alhaji ya juyo, bakinsa a buɗe, hannunsa har yanzu cikin hannun wani.

A daidai nan Malam ya fito daga zaure, tsoho ne ƙwarai, yana dogara sanda. Baba yana bayansa, ya ajiye kaya ke nan. Malam ya dubi motar ya daɗe. Bai ɗaga murya ba.

"Wa ya kawo mota wurin sallah?"

Ba wanda ya amsa. Yaya ya sunkuyar da kai. Alhaji ya kau da kai. A gaban malaminsa yake, a gaban mutanen garin, kuma kowa ya ji lokacin da ya ce a nuna.

Baba ya zagayo ya durƙusa. "Allah shi gafarta Malam, ni ne direba. Laifina ne. Ban ajiye ta inda ya kamata ba kafin in sauka."

Malam ya dube shi, ya dubi Yaya da wayarsa, ya sake duban Baba. Ina jin ya gane. Ya ce kawai, "To, fitar da ita, lokaci ya yi."

Baba ya je bakin filin, ya cire takalmansa ya ajiye kusa da butoci, sannan ya taka yashin ya buɗe mota. Ya dawo da ita baya a hankali, taya a kan sawun taya, bai ƙara ko layi ɗaya a yashin ba. Ya kai ta can ƙarƙashin wata bishiya nesa da hanyar masu ɗaukar abinci, ya juya hancinta wajen gida, ƙofar Alhaji a ɓangaren inuwa. Ya dawo ba takalmi ya ce a ba shi tsintsiya da shebur. Ya ce da safe ya wanke tayoyin, amma hanya akwai kashin dabbobi, gara a kwashe. Ya kankare yashin da taya ta taka, aka kawo sabo ya zuba, ya share, ya yayyafa ruwa. Yaya ya zo ya karɓi bokitin ruwan daga hannunsa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka tada sallah.

Ni na kai wa kakata daddawarta. Ta tambaye ni labarin birni, na ce lafiya lau. Ta taɓa goshina ta ce ko ba ni da lafiya.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Yaya bai taɓa allo ba ko sau ɗaya. Da muka isa Ƙofar Atiku Baba ya shigar da mota gareji da hannunsa, ya kashe. Kafin kowa ya sauka ya ciro katin, ya juyo, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

"Mi ne ne wanga?" in ji Alhaji.

"Amanarka ce, ranka shi daɗe. Na gode da zaman da munka yi. Na ji an ce ƙarshen wata ne, na ce gara in sauƙaƙa maka."

"Ƙarshen wata mi?"

"Sallama."

"Wa ya ce?"

"Gari duka."

"Gari ba shi da baki. Wa ya ce?"

Da akwai ƙofa a layin ƙarshe, da na fita ta nan na koma Wamakko a ƙasa. Babu. Na ɗaga hannu kamar a aji. "Ni ce, Alhaji."

Ya juyo da jikinsa duka. "Mai labari? To, ba ni shi yadda kika ba da shi. Kada ki rage komi."

Ban rage ba. Na kawo yaran Islamiyya, na kawo shataletale. Da na zo kan ɗan kabu-kabu Alhaji ya ce in maimaita zagin da yaren Caina, na maimaita, ya yi dariya har hularsa ta zame. Ko Yaya sai da ya rufe baki. Da na zo kan "sauka, an gode," ba wanda ya yi dariya. A gidan kitso maganar ta fi kowacce daɗi. A cikin motar, Baba yana zaune da kati a hannu, na ji maganar kamar ba tawa ba.

Baba ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Ashe dai tana kai ƙofar masallaci."

Alhaji ya gyara hula. "Mutumina, ba ni ɓoye maka. Ran da na zauna cikin motar hayar can, na yi wanga tunani. Na ce wata rana za ta zo. Yadda mutanen can ke tsere, ban san mi za su kawo baɗi ba. Amma ban ce ma kowa zan sallame ka ba, kuma ran da abin ya zo, ni da kai za mu zauna, ba gidan kitso ba." Ya dubi katin. "Yau Malam ya tambayi mai laifi. Motar ba ta amsa ba. Ɗana bai amsa ba. Ni da na ba da umurni ban amsa ba. Mai da katinka aljihu."

Baba bai mayar ba nan take. "Da sharaɗi, Alhaji."

"Ina ji."

"In ni ke amsa laifinta, ni za ni riƙa ce mata shiga ko kar ki shiga. A koya mani allon. Abin wayar nan kuma a maido shi wurina."

Alhaji ya dubi Yaya. Yaya ya ce, "Gobe da sahe, Baba. Kuma ka yi haƙuri."

"Ya wuce," in ji Baba. Ya sa katin a aljihun hagu.

Hukuncina Inna ce ta yanke shi. Washegari ta raka ni gidan kitso da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in warware abin da na ƙulla. Na tsaya a tsakar gida na ce motar ba ta kai yara Islamiyya, ba ta zagi, ba a kuma sallami Babana ba, yana nan a bakin aikinsa. Abu uku kawai take yi, na lissafa su.

Ba wanda ya ji daɗi. Mai kitso ta ce, "To ai mu mun ji wanda ya fi wannan. An ce jiya a Wamakko da ta ji kiran sallah ta tafi da kanta ta tsaya gaban sahu, sai da anka roƙe ta ta bar ma liman wuri."

Na ce ba haka aka yi ba, ina wurin, kuskure ne na danna waya.

"Ji ta," in ji dattijuwar nan maƙwabciyarmu. "Yau ke ce mai rage labari?"

Har yanzu a Gidan Igwai akwai masu rantsuwa cewa motar tana sallah. Na bar su. Abin da na tabbatar kowa ya ji shi ne maganar aikin Baba, wannan kam gida-gida na bi.

Baba ya koyi allon cikin mako guda, da tabarau a kan hanci, Yaya yana nuna masa. Alhaji ya ba shi tsohuwar wayarsa mai shafawa. Yanzu a doguwar hanya yakan sake mata sitiyari in layi yana da kyau, har ya ce tana hutar masa da kafaɗa. In ta zana masa akwati ta ce ga wuri, sai ya sauke gilashi ya leƙa da idonsa tukuna. Wani lokaci ya yarda, wani lokaci ya ce mata a'a, a fili, kamar yana magana da ni.

Jar fatar nan kuma ya mayar wa badukun da ya ɗinka ta, ya tsufa amma yana nan a rumfarsa. Badukun ya farke ta, ya ƙara mata wani ɓalli, ya mai da ita 'yar jaka daidai girman kati. Da safe Baba yakan sa ta a aljihun hagu, ƙyalle a na dama, ya fita bakin titi ya tari kabu-kabu.